Yadda Jaji Ya Ɗaure Bakin Motar Mika'ilu

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san Jaji mai gyaran injin ban ruwa. Gajeren mutum ne, baƙi, mai ɗan gemu kamar an ɗiga masa. Rumfarsa na bakin babban kanal. Ba ya taɓa inji sai ya saurare shi tukuna: a tayar, ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya, sannan ya faɗi ciwon. Kuma a wurin Jaji ciwon inji kusan guda ne, shan iska. In tiyo ya sha iska ruwa ba ya hawa, sai a nemi inda ake jin tsaki, a ɗaure da robar tsohon tubu, a shafa laka, ruwa ya taho. Shekara talatin ke nan da haka yake ciyar da gidansa. Matarsa Baraka takan ce a gidan nan har butar alwala da ƙafar tabarau da roba aka ɗaure su, ita ce kaɗai ta tsira.

Mutum ɗaya Jaji ke shakka a duniya, yayarsa Saliha, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, Allah ya jiƙanta. Saliha ta tsufa a kan tukunyar turara shinkafa, ba ta da yawan magana, kuma a shekarar da nake ba ku labari Allah ya kira ta aikin Hajji.

A wannan ranin ne tumatir da albasa suka yi wa ɗanta na fari, Mika'ilu, kyau fiye da yadda ya zata. Ya je birni ya dawo da mota 'yar Kwatano, ja, ƙasa-ƙasa kamar kunkuru. Wani makanike mai suna Taufiq ne ya samo masa ita. A jikin injinta akwai wani ƙarfe mai kamar katantanwa, wai shi turbo, shi ke ɗura wa inji iska ya ba shi gudu. Mika'ilu ya yi alkawari a gaban dangi cewa a motar nan zai kai mahaifiyarsa sansanin alhazai. Saliha, da yake ba ta kama sunan ɗan fari, ta ce to, Allah ya kai mu, in dai mai motar ya iya.

Ranar farko motar ta maƙale a kan gadar ƙaramin kanal, cikinta ya zauna a ƙasa, tayoyin suna juyi a banza, sai da masu tsinkar tumatir suka ciccibe ta. Abokan Mika'ilu na birni suka yi ta ba shi shawara ta waya: a canja salansa, a sa baƙin gilas, a sa mata sifika. Jaji ya ji, ya ce duk wannan kwalliya ce, a kawo masa ita rumfa, da abin da ke ƙasa zai yi mata gyaran da ya dace da garin nan.

Gaskiya kuma ya yi aiki. Ya yanko roba mai kauri daga tsohuwar tayar tarakta ya cusa a ƙafafunta, motar ta ɗago har kaza na iya wucewa ta ƙasa ba ta sunkuya ba. Ya fasa tsohuwar ganga ya miƙe ta, ya ɗaura a ƙarƙashin inji don kada dutse ya huda shi. Ya sa ragar taga a gaban lagireto saboda ƙaiƙayin shinkafa. Mutane suka taru suna kallo, Jaji yana aiki yana bayani, ko ba a tambaye shi ba.

Da suka fita gwaji ne ya ji abin. Duk sanda Mika'ilu ya ɗaga ƙafa daga totur zai canja giya, sai motar ta yi wani tsaki mai tsawo, fiiish, kamar tsohuwa ta ga abin da ba ta so. Jaji ya karkata kai, ya rufe ido ɗaya.

"Tsaya. Sun cuce ka, ɗan nan. Tana shan iska."

Mika'ilu ya ce shi dai tun daga birni haka take yi, Kawu, kuma yana jin samari suna yaba ƙarar. Jaji ya ce samari ba su taɓa kwana uku shinkafarsu ba ruwa ba. Ya buɗe bonet, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya har ya gano wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na buta, ta nan iskar ke fita. Ya toshe bakin da guntun roba, ya naɗe shi da tubu sau bakwai, ya ja da haƙori, ya ƙulle. Laka ce kawai bai shafa ba, don motar sabuwa ce. Aka tayar a tsaye, shiru. Jaji ya goge hannu a riga ya ce yanzu ta zama mota.

Kwana biyu bayan haka aka sanar a rediyo cewa rukunin su Saliha su hallara sansani ranar Alhamis kafin azahar, jirgi ba ya jiran kowa. Ranar Alhamis ɗin da hantsi aka fito. Saliha a baya da jakarta a cinya da carbi, Jaji a gaba don rakiya, da babbar rigarsa ta Juma'a.

Suna hawa hanyar gefen kanal Mika'ilu ya ɗan taka. Maimakon tsaki sai motar ta fara wani kuka, kulkulkul, kamar talotalo. Jaji ya ce sabawa take yi. Ba su kai titin Zariya ba aka ji fuf a gaba, motar ta saki jiki, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayanta. Mika'ilu yana takawa tana rarrafe. Wani dattijo da ke kora shanu biyu ya iso su, ya yi musu sallama, ya wuce su.

Suka tsaya. Jaji ya buɗe bonet ya ga wani babban tiyo ya fice daga mazauninsa yana reto. Ya zagaya motar, ya leƙa ƙasa, ya karkata kai, amma ba abin saurare. Rana tana ta hawa. Ya fara cewa man da aka sha ne ba kyau. Sai Saliha ta sauke gilas.

"Jaji."

"Na'am, Yaya."

"Ka san abin nan, ko ba ka san shi ba?"

Ya dubi kanal, ya dubi shanun da suka yi nisa. Ya ce da dai injin ban ruwa ne.

"Ai ba ruwa za ka ba ni ba. Ku kira wanda ya sani."

Mika'ilu ya kira Taufiq ya buɗe murya kowa na ji. Da ya gama bayani, sai aka ji dariya, sannan Taufiq yana kiran mutanen garejinsa su zo su ji. Da ya natsu ya ce wannan bakin ai hanyar numfashinta ce, in iska ta yi yawa ta nan take fita, kuma a birni har nema ake a sa wa mota don tsakin nan. An toshe, iska ta rasa hanya, ta ɓalle tiyo. A yanke robar, a mai da tiyon, a ɗaure da ƙarfen da ke riƙe shi.

"Kuma don Allah, Baba, kada a sa tubu."

Ƙarfen ne ba a gani ba. Aka duba ciyawa, aka duba hanya. Jaji ya kwanta a ƙasa da rigarsa ta Juma'a, ya zura hannu, sai ga shi a kwance a kan gangar da ya ɗaura a ƙarƙashin inji. Ya ɗaga shi sama ya ce a gaya wa na cikin wayar, da ba don gangar nan ba da yanzu abin yana cikin kanal. Da hannunsa ya yanke robar, sau bakwai ɗin duka.

Da suka hau kwalta Mika'ilu ya saki motar, don lokaci ya ƙure. Ta dinga tsaki tana wuce manyan motocin tumatir, fiiish, fiiish, kowane tsaki Jaji ya ɗan zabura kamar shi ake yi wa. Saliha ta rufe ido, bakinta bai daina motsi ba tun daga Kura har suka shiga birni.

Sun isa ana kiran sunaye da lasifika, layin mata ya fara shiga. Saliha ta sauko a hankali, tana dafe da motar. Ta yafe wa kowa, ta roƙi a yafe mata. Ta kaɗe wa Jaji ƙurar bayan rigarsa kamar yana yaro, ta ce za ta yi masa addu'a a gaban Ka'aba, ta musamman. Sannan ta juya wajen ɗanta, ba ta dube shi ba.

"A gaya wa mai motar, in Allah ya dawo da ni lafiya, a zo ɗaukata da motar tumatir."

Ta ɗauki jakarta ta shiga layi.