Gilashin Gefen Baba

Tun ina yaro Baba yake jan a-kori-kura tsakanin Wurno da Goronyo, ya kai albasa ya dawo da shinkafa, wani lokaci ya leƙa Rabah in an samu lodin gero. A gidanmu kuwa ba a zama inda uba yake zama. Ba ka hawa buzunsa, ba ka sha da kofinsa, balle ka ɗare kujerar direba. Mu 'ya'yansa maza duk mun iya tuƙi, amma a motocin mutane muka koya. In ka shiga tasa, gefe za ka zauna ka kame bakinka.

Wata bazara sai ya fara rage gudu babu dalili. Da safe in mun doshi gabas sai ya ƙanƙance ido, ya matso har ƙirjinsa na taɓa sitiyari. Ni ina gefe ina ganin hanya tar, ga ni da gajen haƙuri, kowa ya san ni.

"Baba, ku taka mana, ba komi gabanmu."

"Dishi-dishi ni ka gani," in ji shi.

Ran nan da yamma, wajen Dinawa, saura ƙiris ya kwashe saniya a tsakiyar titi. Ba abin da ya samu kowa, amma labarin ya riga shi isowa gida. Wan Baba haka makantarsa ta fara, rana ta riƙa kashe masa ido, daga baya yanar ido ta rufe masa gani. Ba wanda ya furta, amma kowa abin da yake tunani ke nan.

Yayanmu ya tara mu ya yanke magana: a sayar da motar tun bai kashe wani ba, sannan a kai shi asibitin ido. Na yi hargagi har Inna ta leƙo ta ce in rage murya, amma ba ni da hujja. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai yi gardama ba. Mutumin da yake musu da labaran rediyo! Ya ajiye makulli a kan tabarma ya shige ɗaki. Daga ranar tuwonsa ya fara dawowa da saura.

Aka samu mai saye a Goronyo, aka ce ni zan kai ta. Baba ya ce zai raka ta. Na yi bismilla na hau kujerarsa ina jin kamar na yi sata, shi kuma ya zagaya ya zauna a gefe, ya rasa inda zai sa hannuwansa. Na kunna waifa sau biyu don ta share ƙurar gilashi, kamar yadda na ga yana yi kullum. Ta yi ƙiii ɗin da muka saba ji. A bushe yake kunna ta, don tankin ruwan ya daɗe da fashewa. Ita kaɗai ce ma, ta gefen fasinja tuni ya cire ta ya mayar gefensa lokacin da tasa ta mutu.

Muna fita daga gari hanya ta miƙe, rana ta doki gilashin. Innalillahi! Sai na ga duniya ta zama fari fat, kamar an watsa mini koko a fuska. Na taka birki ina lalube.

"Kai, mi ad damuwarka?" in ji Baba. "Tahi mana. Amalanke na can nesa, sai ka kauce mai."

"Wane amalanke, Baba?"

"Ga shi can da jan sa. Har yaron da ak kai na gani, da hula shuɗiya."

Na gangara gefen hanya na kashe mota. Na leƙa ta tagata, ga amalanke, ga jan sa, ga hula. Na koma bayan sitiyari, babu komai sai farin haske. Na buɗe ƙofa na diro.

"Baba, ku sauko ku dibi wani abu."

Na ɗaga waifar. Robar ta cinye tun yaushe, rana ta gasa ta ta zube, ƙarfe ne zalla yake gurzar gilashi da yashi kowace safiya. Na sa farce na bi, ƙar-ƙar-ƙar, zane ne sirara ba iyaka, sun yi baka daidai saitin idon direba. A inuwa ba ka ganinsu. Baba ya shafa da yatsa, ya koma kujerarsa ya duba, ya zagayo gefe ya duba, ya sake komawa. Can sai ya ce, "Amma dai wagga mota ba ta da mutunci."

Na yi dariya har da hawaye. Wallahi ban taɓa jin nauyi ya sauka daga ƙirjina irin na ranar ba.

Mun ƙarasa Goronyo a hankali, kaina a waje. Mai sayen mota dai haƙuri muka ba shi. Muka wuce wajen mai kayan gyara, Baba ya auna tsawon tsohuwar waifar da ɗani, ya riƙa lanƙwasa robobin da babban yatsa yana ajiye masu tauri, don ya ce waɗannan sun sha rana tun a shago. Ya zaɓi biyu masu laushi, ya sa aka liƙe tankin ruwan. Sabon gilashin mota sai a Sakkwato aka samu, kuma Yaya ya nace sai da aka biya asibiti. Likita ya ce idanun lafiya lau, tabarau na karatu kawai zai sa.

A hanyar dawowa washegari da safe shi ya tuƙa, rana na fitowa a gabanmu, yana taka mota son ransa. Mun kusa gida ya ce, ba tare da ya dube ni ba, tun ranar saniyar nan idanunsa a rufe yake zuwa masallaci da asuba, yana bin katanga da hannu.

"Don mi, Baba?"

"Koyo ni kai. Ban so wani cikinku shi bar aikinai shi zo jan sandata."