Farin Wardin Kaka a Rabin Duro

Har yau idan na ji ƙarar ruwan buta yana zuba cikin daro, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na unguwar Anbariyya a Madina. A gidanmu ruwan alwala ba ya zuba a ƙasa. Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta kafa wannan doka: kowa ya yi alwalarsa a kan daro, in ya gama a ɗauka a kai wa wardinta. Ko baƙo ne ya zo, kafin ya gama naɗe hannun riga an turo masa daron.

Tsakar gidan 'yar mitsitsiya ce, in an shimfiɗa tabarma an girke murhu to wuri ya ƙare. Bango launin toka ta kowane gefe. A gindin bangon kudu, wato bangon alƙibla tunda mu a Madina kudu muke fuskanta, akwai rabin duro cike da ƙasa, a ciki wardin yake. Bai da tsayi, iyakarsa ƙugun yaro, amma ya baje ya rufe bakin duron, furanninsa ƙanana farare fat, tsibi-tsibi. Ƙamshinsa kuwa sai kin tura hanci sosai kafin ki ji wani abu.

Wannan rashin ƙamshi shi maƙwabta suke yi wa Kaka tsiya da shi. Kowa a Madina ya san jan wardi mai ƙamshi da ake jefawa a shayi tare da na'ana'a. Wata tsohuwa 'yar Damagaram da ke gidan kusa da mu takan ce, "Hajiya, wannan naki ai kwalliya ce kawai, ko shayi ba ya shiga." Kaka sai ta ce, "Naki yana fure wata guda ya kwanta. Nawa ba ya hutu." Gaskiyarta ce. Ban da tsakiyar zafi, da wuya ki leƙa ki rasa farin fure a jikinsa.

Ta iya kula da shi kamar jariri. Da sanyin safiya take ba shi ruwa, a gindi, ba ta yarda a jiƙa masa ganye. Sauran ganyen shayi a gindinsa yake ƙarewa. In fure ya bushe ta laluba ta tsinke shi da farce don wani ya fito. In sanyi ya shigo ta rage masa rassa, ta sa a nemo mata busasshen kashin awaki. Lokacin da iskar zafi ke kaɗawa kamar an buɗe bakin tanda, ta ɗaura masa tsohon buhu a sama, ta jiƙa buhun. Mu jikoki muna cewa ta fi son duron nan a kanmu, ita kuma ta ce ai shi ba ya mayar mata da magana da Larabci.

Kaka mace ce mai ji da kanta, wannan kam ba a ɓoye yake ba. Tana yarinya ta taso daga ƙasar Hausa da iyayenta, suka ratsa Chadi da Sudan, yawancin tafiyar a ƙafa, har suka tsallako teku. Abin da ta fi alfahari da shi shi ne a duk tafiyar nan ba wanda ya taɓa riƙe mata hannu. Ta tsani a ja mutum. In ta ga ana jan tsoho a hanyar Harami sai ta kau da kai ta ce Allah ya raba ta da wannan rana. Ba ta salla a ɗaki, ta ce sanyin na'ura na shiga mata ƙashi. Sai ta fito tsakar gida, ta shimfiɗa dardumarta, ta fuskanci wardinta ta tayar.

Ba wanda ya lura cewa idonta ya fara tafiya. Gidan ta san shi kamar tafin hannunta, ba ta tuntuɓe. Zare ne kawai ta daina sawa a allura, ta ce aikin yara ne.

Sai aka zo rushe layinmu, muka koma unguwar Jurf. Lokacin sanyi ne, wardin ya cika da fure. Kaka ba ta yarda ta shiga mota ba sai da ta ji da kunnenta an ɗora duron a bayan akori-kura. A sabon gida Baba ya duba ya duba, ya ajiye shi kusa da famfo a bangon yamma, don a huta ɗaukar daro. Shi a ganinsa gata ya yi wa fure da mai fure.

Umma ce ta gani. Wata la'asar ina tsintar shinkafa kusa da ita a bakin ƙofar kicin, Kaka ta fito da dardumarta. Ta tsaya tana juya fuska a hankali har ta tsaya kan farin nan, ta shimfiɗa, ta yi kabbara tana kallon yamma. Na buɗe baki zan yi magana, Umma ta damƙe min hannu har sai da na ji zafi. Da na dube ta, hawaye ne a idonta. A nan na gane abin da ta gane: Kaka ba ta ganin bango, ba ta ganin ƙofa, farin furen nan kaɗai ya rage mata. Ta ɗauka ɗanta ya ajiye shi inda ya saba zama. Tambaya kuwa ba za ta yi ba, don ranar da ta tambaya ranar za a fara jan ta.

Da Baba ya dawo, Umma ta tare shi ta ce a mayar da duron bangon kudu, rana na dukansa a inda yake. Baba ya ce, "Wace rana? Nan ne fa kusa da ruwa." Umma mace ce da ba ta ja da Baba, amma ranar ta kafe. "Ma'alesh, ka yi haƙuri ka dai matsar. Ni zan riƙa ɗaukar daron." Ya yi ta mita, ya kira maƙwabci suka ja shi.

Washegari da azahar Kaka ta fito. Ta juya inda ta saba a kwanakin nan, ba komai. Ta ci gaba da juyawa har ta sami farin a wani gefen. Ta daɗe a tsaye da darduma a hannu. Daga baya ta shimfiɗa ta yi sallarta, ta daɗe ba ta tashi ba, tana rama sallolin da suka wuce.

Da ta shafa addu'a ta kira Umma. "'Yar nan, zo." Umma ta durƙusa a gefenta.

"Wa ya sani?"

"Ni ce kawai, Inna. Sai wannan yarinyar, ita kuma ba ta da baki."

Kaka ta yi 'yar dariya ta ce, "Mutane suna biyan mota su je ziyara Ƙiblatain, masallacin alƙibla biyu, ni ga shi na yi tawa a tsakar gida." Umma ta yi dariya tana share ido. Sai Kaka ta miƙa hannunta, hannun nan da ba a taɓa riƙewa ba, ta laluba har ta sami na Umma. Ta ce, "Halas. Ki gaya wa mijinki ya kai ni mustashfa. Amma ke za ki riƙe ni, ban yarda da kowa ba."

An yi mata aiki a asibitin, ido ɗaya ya ɗan dawo, ɗayan ya ƙi. Ta ƙara shekaru tare da mu. Har ta koma ga Allah, hannun Umma kaɗai take kamawa, kuma Baba bai taɓa jin labarin bangon yamma ba.

Yanzu ni ce da gida, a bene, barandata ko darduma biyu ba ta ɗauka. 'Ya'yana in na yi musu Hausa su amsa da Larabci, in suna neman alƙibla su ɗaga waya. Ruwan alwala yana bin bututu ya tafi. Umma ta tsufa, tana wurina, kuma bara na lura ta daina sa zare a allura. Na je wurin masu sayar da shuke-shuke na ce ina son farin wardi gajere mai yawan fure. Mai wurin ya yi ta tallata min jan mai ƙamshi, na ce a'a. Na kawo shi a tukunya na ajiye a kudancin baranda, na nemo daro na sa a banɗaki.

Da la'asar Umma ta fito da dardumarta. Ta juya fuska a hankali har ta tsaya kan farin. Ta daɗe tana kallonsa, ni kuma ina bakin ƙofa kamar ina wani aiki. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Kin ajiye shi daidai." Sai ta miƙo min hannu.