Ɗan Farin da Amama Ta Ƙara

A unguwar Nima, in gardama ta kaure kan shekarar da aka haifi wani, Amama ake aika wa. Tela ce, kekenta a bakin ƙofa, ta ɗan yi boko, tana jin Hausa da Dagbani da Twi, har da ɗan yaren Ga na cinikin kifi. Bakinta da kaifi, amma ba a taɓa kama ta da ƙarya ba. Ta san an san haka, tana ma ɗan taƙama da shi.

Shi ya sa a 1984 Dokta Ziblim, wani matashin malamin jami'a mutumin Tamale, ya ɗauke ta aiki. Bincike yake yi kan haihuwa a Zongo, wato unguwannin baƙi, ga shi namiji ba ya shiga ɗakunan matan mutane da tambaya. Amama ta ɗauki takardunsa ta bi gida-gida, Nima da Maamobi da Kotobabi, har mata ɗari huɗu.

Akwai abin da Dokta bai sani ba, ita kuwa da shi ta tashi. A tsofaffin gidajen Hausawa mace tana kunyar ɗan farinta. Ba ta faɗin sunansa, in an tambaye ta 'ya'yanta nawa sai ta sunkuyar da kai ta tsallake shi. Don haka duk matar da ta sunkuyar da kai kafin ta ba da amsa, Amama ta ƙara mata ɗaya a takarda. A ganinta gyara take yi. Ba ta gaya wa Dokta ba, don ita ma tana jin nauyin yin irin wannan zance da namiji. Ban da haka, a gaskiya, ta ga me yaron Tamale zai gane a nan?

Bayan shekara biyu littafin binciken ya fito. Wani abokin aikin Dokta ya rubuta wa jami'a cewa lambobin ba su yi kama da na asibiti ba. Aka kafa kwamiti, aka tura ma'aikatan jinya biyu su sake tambaya a gida talatin. A Maamobi suka tarar da wata mata, Ƙaltume, shekara ashirin da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, amma a takarda tana da ɗa guda. Aka dakatar da Dokta, ana zargin a ofis ya zauna ya cike takardun da ka. In ya tabbata, korarsa za a yi.

Da labarin ya iso Nima, Amama ta tuna ranar sarai. Ƙaltume ta sunkuyar da kai ta ce babu. Ashe ba kunyar ɗan fari ba ce, baƙin ciki ne. Kwana uku keken ɗinkin bai yi ƙara ba. Babu wanda ya ambaci sunanta, Dokta ma bai zarge ta ba, kuma wannan ya fi komai ci mata rai. Ranar zaman kwamiti ta yafa mayafinta ta hau mota, ba wanda ya gayyace ta.

Mutum biyar ta tarar a bayan dogon tebur. Ta ce, "Ni na ƙara. Shi bai sani ba." Ta yi musu bayanin al'adar tiryan-tiryan. Shugabar kwamitin, wata farfesa mai furfura, ba ta yi faɗa ba. Ta tura mata tulin takardun ta ce, "Madam, ware mana waɗanda kika ƙara wa. Sauran sai su tsira."

Amama ta buɗe ta farko, ta buɗe ta biyu. Rubutunta ne, alƙalami ɗaya, babu ko ɗigon alama. Wasu fuskokin ta tuna, yawanci sun ɓace mata. Da a ce ta ware hamsin ta ce su ne, da babu mai musa mata, aikin mutumin kuma da ya tsira. Ta ɗora hannunta a kan tulin, ta ce, "Ban iya warewa ba."

Aka wanke Dokta daga ƙirƙira, aka yi masa gargaɗi kan rashin bin diddigin aikin, aka janye littafin gaba ɗaya. Ya tsira da kujerarsa, wahalar shekara biyu ta tafi a banza.

A waje ta tsaya tana jiran ya zage ta, don da ya fi mata sauƙi. Ya zo ya tsaya gefenta, idonsa jajur.

"Mma Amama," ya ce a hankali, "matan nan suna ɓoye ɗan fari, ke kaɗai kika sani. Shi ne irin abin da na zo Nima nema. Da kin gaya mini, da shi zan buɗe littafin."

Amama mai amsar kowace magana ta sunkuyar da kai.