Motar da ta mayar da Hajiya Zara Falanko

Ina kasuwar Belbeji da hantsi, ina taya wani rago, wayar Hadiza ta shigo. Ta ce, "Baba Sani, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na saki igiyar ragon, na nemi gindin bango na zauna. Mahaifinta, Malam Ibro, taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu a Tanut. Tun muna yara muke tsokanar juna, yanzu ga ni da tsokana cike da baki, babu wanda zan yi wa.

Likitan dabbobi ne shi. Babu rijiyar makiyaya daga nan zuwa kwarin Tarka da ba a san shi ba. Da ya ajiye aiki muka ɗauka zai shimfiɗa tabarma ya huta kamar kowa. Ina! Wata rana sai ga amalanke ta shanu ta janyo gawar wata tsohuwar mota, irin wadda muke kira kat-san-kat, ba taya, ba gilashi, kaji sun yi shekaru suna ƙwai a cikinta. Na ce masa, "Ibro, akurki ka saya?" Ya ce, "Kai dai ba ka da ido. Duba ta da kyau."

Matarsa, Hajiya Zara, ita ta gane ta. Ta leƙo daga zaure, ta dubi wata lotsawa a ƙofar baya, ta rufe baki da mayafi. Motar ce ta ɗauko ta amarya daga garinsu Falanko. A gabana ya yi mata alkawari: "A cikinta kika zo, a cikinta zan kai ki ganin gida." Ta ce, "Malam, Allah ya ba mu tsawon rai, don za mu buƙace shi." Daga ranar ba shi da wani buri da ya wuce wannan.

Yadda yake duba dabba haka yake duban mota. Sai ya ɗora tafin hannu a kan inji, ya karkata kai, ya ce, "Ku yi shiru, tari take yi." In ta ƙi tashi ba ya zaginta, ba ya harbin taya kamar direbobin tasha. Cewa yake, "Ba taurin kai ba ne, akwai inda ke mata ciwo, ba ta da bakin faɗa ne." Kayan gyaran da ya rasa a kasuwar Damagaram, maƙeri yake kai wa zane a ƙera masa. Kujerun kuwa wata Buzuwa mai aikin fata ce ta ɗinke su da jar fata, har da tuntaye. Wallahi ko ɗakin amarya bai fi su kyau ba.

Duk Juma'a bayan la'asar ake gwaji, mu kuma mutanen unguwa mu ne masu turawa. Liman ya tura, mai shayi ya tura, ni na tura har ƙuguna ya san da zamana. In ta yi tari biyu ta mutu, sai ya fito yana murmushi ya raba mana dabino, ya ce, "Yau ta fi makon jiya." Ban taɓa jin ya ce ta lalace ba. Kuma komai nisan da ya yi a ƙarƙashinta, makiyayi ya yi sallama da akuya marar lafiya, sai ya rarrafo ya fito, ya wanke hannu ya duba ta, bai karɓi komai ba.

Shekaru suka tura, motar na samun sauƙi, shi kuma jiki na ja baya. Bara ya fara rama. Na ji tsoro, na ce masa a ɗauki motar haya a kai Hajiya, alkawari ya cika. Ya kalle ni ya ce, "Sani, ba motar haya na ce mata ba."

Bayan girbin gero na bana, wata safiya na ji ƙara a bayan katanga, ƙara mai daɗi, ba tari ba tsayawa. Na fito ba ko hula. Ga Ibro a gaba cikin farar riga, ga Hajiya a baya ta sha lalle da turare. Ya ce, "Shiga, mai akurki. Ko tura za ka yi don sabo?" Unguwa ta fito kaf, mata na guɗa, Liman na ta kabbara. Muka kama hanya.

Kai, ranar na ga farin ciki! Muna wuce raƙuma yana danna musu oda, yana gaishe su. Ta sha rairayi, ta sha gangara, ba ta ce uffan ba. Sai da rumbunan Falanko suka bayyana, muna hango rufin gidan su Hajiya, ta yi atishawa ɗaya ta mutu. Na ce, "Hajiya, sauka mu taka, ga gida nan." Ta gyara zama ta ce, "Ni? A mota na fita garin nan, a mota zan shiga." Ibro ya yi dariya har da hawaye. Aka kawo shanun noma biyu aka ɗaura, suka ja mu har ƙofar gida, shi yana riƙe da sitiyari da ƙasaita kamar shi ke tuƙin. Tsofaffin ƙawayenta suka fito suna guɗa, suna yi wa mai jikoki waƙar amarya.

Washegari ya gano rairayi ne ya toshe hanyar mai. Amma ya kasa riƙe ko ƙarfen kwance injin. Ya zauna a inuwa yana faɗa mini abin da zan kwance da inda zan hura, har ta tashi. Sannan ya miƙo mini makulli ya ce, "Kai za ka mayar da mu. A hankali, ba jakinka ba ne." Ya buɗe ƙofar baya ya zauna kusa da matarsa. Ban tsokane shi ba, don na gane abin da ke nan. Bai ƙara fita da motar ba.

Da na shiga yi wa Hajiya ta'aziyya na shirya kalaman ban haƙuri, ita ta riga ni. Ta ce, "Malam Sani, ranar da aka kawo ni, shi yana Tanut yana jira, ni kaɗai na yi ta kuka a bayan motar nan. A dawowarmu ta bana yana gefena, tun daga Falanko har gida yana riƙe da bakin mayafina. Ni kam ya gama mini komai."

Ya Allah, ga bawanka Ibrahim ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka tausaya masa fiye da yadda ya tausaya wa marasa baki. Ka ba Hajiya Zara da Hadiza da sauran zuriya haƙurin rashinsa, ka tsare gidansa bayansa. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.