Mati da Jirgin Fiton Binuwai

A garin Babban Mutum ba wanda ya san Mati da zama wuri ɗaya. Ko a ɗaurin aure a bakin rumfa yake tsayawa, da an shafa fatiha sai a neme shi a rasa. Direban gingimari ne, shanu yake kaiwa kudu tun kafin a fara Shari'a a jiharsu. Yakan yi lodi a kasuwar Mai'aduwa, ya miƙi hanya har bakin Binuwai, inda babu gada, sai wani tsohon jirgin fito da ke ƙetarar da motoci.

Wata damina ya isa bakin ruwan da shanun Alhaji Harisu, babban dillalin garinsu, ya tarar injin jirgin ya mutu. Aka ce gobe za a gyara. Goben ta zo, aka sake cewa gobe. Motoci suka toshe shi ta baya, ruwa ya cinye gefen hanya, ba halin juyawa, ba wurin sauke dabba. Shanun suka fara zubewa a cikin mota. Waɗanda ya riska da rai ya yanka da hannunsa, ya bar wa mutanen ƙauyen naman.

Da ya dawo, ya durƙusa gaban Alhaji Harisu yana jiran faɗa.

"Tashi, Mati," in ji Alhaji. "Ƙaddara ce. Allah Ya mayar da alheri."

Da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi. Ya ajiye tuƙi, ya koma gonar gero ta gado. Sai dai ba ya gama kunya ɗaya bai miƙe ya dubi titi ba.

Ana haka ya ji a rediyo an kawo ƙudurin doka a majalisa kan ƙera sababbin jiragen fito masu ɗaukar motoci. Wasu 'yan majalisa na goyon baya, wasu na cewa gada ta fi. Mati ya ɗauki rediyon ya nufi teburin mai shayi, ko takalmi bai sa daidai ba.

Maharazu tela, abokinsa na ƙuruciya, ya saurara ya yi dariya.

"Mu da ko rafin kirki ba mu da shi, ina ruwanmu da jirgi?"

"Shanunku ta sama suke bi?" in ji Mati.

"To a yi gada mana. Jirgin nan da ya ci amanarka, ai shi ma sabo ne wata rana. A ƙera goma, in ba a kula da su ba haka za su mutu."

"Tun ina saurayi ake auna gadar nan, Maharazu. Saniya ba ta jiran siminti ya bushe."

Kullum sai sun yi wannan musu, kuma ba wanda ya taɓa kayar da wani. Mati ya san akwai gaskiya a bakin telan, abin da ke ƙara hana shi sukuni ke nan. Ya ari babur ɗin ƙanensa ya shiga bin kasuwanni, yau Mashi, gobe Sandamu, jibi Mai'aduwa, yana roƙon dillalai su buga waya gidan rediyo su yi magana. Wasu su ce to, wasu su tambaye shi ko takara zai tsaya. Ciyawa ta rufe gonar.

Wata safiya layinsa ya shiga. Yana tsaye a tsakar gida, matarsa Rauda tana tankaɗe a gefe.

"Daga ina ake kira?" in ji mai gabatar da shirin.

"Babban Mutum, ƙasar Daura."

"Daura kuma? Malam, jirgin ruwa fa muke magana."

Mati ya manta duk abin da ya shirya. Sai ya ba da labarin shanun kawai, yadda suke kallonsa ta tsakanin katako, da yadda hannunsa ya gaji da wuƙa. Ya ce ko jirgi ko gada, a yanke ɗaya, a daina barin mutane a bakin ruwa. Mai shirin ya yi masa godiya ya ɗauki wani kiran.

Ya juyo yana haki. "Kin ji ni, Rauda?"

"Na ji ka, Baban Yazid." Ba ta ɗago ba. "Amma ni addu'ata kada dokar ta wuce."

Ya tsaya yana dubanta.

"Ranar da aka ƙera jirgin nan, ranar za ka koma hanya," ta ce. "Lokacin da ka maƙale, wayarka a kashe, ni kaɗai na san abin da na gani a gidan nan. Kai shanu kake tunawa. Ni kai nake tunawa."

Mati ya ɗauki fartanya ya tafi gona, ya yi noman da bai taɓa yin irinsa ba a daminar.

Ƙudurin bai wuce ba, bai kuma faɗi ba. Aka miƙa wa kwamiti, majalisa ta tafi hutu, rediyo ya koma zancen taki. Maharazu bai yi masa dariya ba, ya dai zuba masa shayi.

Bayan kaka Alhaji Harisu ya aiko a kira shi. Yana da shanu, direbansa ba lafiya. Mati ya ce a ba shi zuwa la'asar. Ya shiga gida ya zauna kusa da Rauda, ya daɗe yana murza hula.

"Ta Makurɗi zan zagaya," ya ce. "Akwai gada. Nisa ne kawai."

Rauda ta dube shi, ta dubi ƙafarsa da ke ta rawa a kan tabarma. Ta tashi ta ɗauko gero ta jiƙa.

"Fura nawa zan yi maka?" ta ce.