Ranar da na zari guntun kara a ajin Malam Sha'aibu

Duk wanda ya zauna ajin Malam Sha'aibu a lakol ɗin ƙauyenmu, wato makarantar boko, nan kusa da Gidan Sori, ya san ba a faɗin "sarki ya gina" a gabansa a kwana lafiya. Kana cewa Fir'auna ya gina dala, sai ya sauke tabarau bisa karan hanci ya ce, "Shi da hannunshi? Wa ya fasa dutsen? Wa ya ja shi?" Ko sufeton makarantu da ya zo daga Gidan Rumji bai tsira ba. Yana tsaye gaban allo yana gaya mana sarki ne ya tayar da ganuwar Katsina, Malam ya ɗaga yatsa daga bayan aji kamar ɗalibi: "Ranka ya daɗe, shi sarkin kwando nawa ya ɗauka?" Sufeto ya duba agogo, ya ce lokaci ya ƙure.

Ku da muka yi aji ɗaya kun tuna taswirarsa. Alli dai ba ya ɓarnar shi a kan zane, don haka ya zana duniyar mutanen da a filin lakol da sanda. Kogin Nilu wani dogon rami ne da yake zuba wa ruwan buta kowace safiya, kuma ba mai tsallaka shi sai ta kan wani ɗan katako. Ran nan darekta, shugaban lakol ɗin, ya shigo da sabon babur, ya ratsa kogin ta tsakiya. Malam ya ce, "Darekta, ka nutse."

"Haba Malam Sha'aibu, ƙasa ce fa."

Washegari Malam ya jera mu, mu duka, a ƙofar buro, wato ofishin darekta, muka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya muna yi wa darekta jajen babur ɗin da ruwa ya ci. Tun daga ranar bawan Allah ta hamadar taswirar yake zagayawa.

Akwai kuma shekarar da ya sayo kantun gishiri don mu yi ayari zuwa Tumbutu. Mun aje kaya a zango ke nan shanun wani Bafulatani mai suna Jaɓɓi suka biyo ta filin, suka dira a kan gishirin. Jaɓɓi ya rugo yana haki: "Malam, yi haƙuri, sanuwa bai san lakol ba." Malam ko a jikinsa. Ya juyo ya ce mana, "Ku rubuta: an kai wa ayari hari, ba a tsira da komi ba."

To, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba waɗannan ba ne. Ni ne na kori Malam Sha'aibu daga garinmu. Wasunku sun sani sun yi shiru, yau zan faɗa da bakina.

In zai koyar da yadda al'umma take a zamanin da, ba ya bayani. Karan gero yake kakkaryawa ya dunƙule a hannu, kowa ya zara. Mai dogo shi ne sarki, masu bi masa fadawa, sai manoma da maƙera, masu guntaye kuwa bayi, daga safe har tashi. A wancan lokacin mahaifina ne mai gari. Na miƙa hannu da izzata, na zaro kara bai kai yatsa ba. Dogon kuma ya faɗa hannun Ila, ɗan mahauci.

Ila bai zalunce ni ba, in faɗi gaskiya. Takalmansa ya ba ni in riƙe, ya aike ni rijiya sau biyu. Amma da na buɗe baki zan yi magana, Malam ya ce, "Bawa ba ya magana sai an tambaye shi." Aji ya kwashe da dariya. Ban jira tashi ba, na zubar da takalman na tafi gida ina kuka.

Baba ya aika aka kira Malam zaure. Ina laɓe ina ji.

"Malam, ɗan mai gari ka sa ya ɗauki takalmin ɗan mahauci?"

"Ranka ya daɗe, kara ya zaɓa, ba ni ba."

"To gobe a sake, a ba shi dogon."

"Ba ni iyawa. Wanda aka haifa a bauta ba a sake mashi ba. Abin da nike so su gane ke nan."

Baba ya ce ko dai ya janye ya ba da haƙuri a gaban aji, ko kuma ɗayansu ya bar garin. Limam ya sa baki, darekta ya roƙi Malam, matar Malam ɗin, wadda duk danginta suke nan garin, ta yi kuka. Malam ya ce haƙuri zai ba ni in na ji ciwo, amma ba zai yi ƙarya a kan abin da kara ya zaɓa ba. Baba ya yi ta sintiri Gidan Rumji har takarda ta fito, aka mayar da shi wani ƙauye can gaba da Gangara. Na ga amalanken da ya ɗauki kayansa. Wallahi a ranar daɗi na ji, kuma wannan daɗin shi ya fi komi damuna da na girma.

Sai bayan da Baba ya rasu aka naɗa ni mai gari na iya zuwa wurinsa. Na tarar da shi ya tsufa, ya bar aiki, idon ya yi rauni, yana zaune gindin itacen bedi a ƙofar gida. Na tuɓe takalmi na durƙusa, na faɗi sunana, na ce gafara na zo nema.

Ya yi ɗan murmushi. "A'a, bawan Ila ne? An ce ka zama mai gari."

"Haka ne, Malam."

"Awa nawa ka yi a bauta?"

"Ba su kai ukku ba."

"Da abin ya ishe ka, wa ka kai ma ƙara?"

"Babana."

"Su fa waɗancan, da suka yi tun daga haihuwa har kabari, wa suka kai mawa?"

Ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce, "Na yafe tun ina bisa amalanke. Darasin ne ka gudu ba mu gama ba. Yanzu kai ne ake kawo ma ƙara. In wanda ba shi da kowa ya shigo zaurenka, ka bari shi gama magana."

Na ce zan aiko mota ta dawo da shi gida, ya ce sai bayan girbi. Ba a yanke geron ba saƙon rasuwarsa ya iso, kuma can aka rufe shi, cikin mutanen da ba nasa ba.

Allah Ka jiƙan Malam Sha'aibu, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa baƙuncin da na jawo masa ya zame masa kaffara. Ni kuma Ka ba ni ikon sauraro. Amin.