Hannun Yaya a Kan Gilashi

Yayana yana da sitidiyon ɗaukar waƙa a Trikania, ɗaki ciki da falo a bayan shagon wani mai walda, bangon duk an manne shi da kwalin ƙwai don kada murya ta riƙa dawowa. Ni ce 'yar amshinsa. Duk mawaƙin da ya zo ba shi da masu amshi, ni ake aika wa, in bar keken ɗinkina in zo in rera, a sallame ni da lemo mai sanyi. Shekara da shekaru ban taɓa ganin ya kalli mikisarsa, na'urar haɗa sauti, yana aiki ba. Tsohuwa ce, faɗinta kamar teburin mai shayi, cike da maɓallan da ake turawa sama a jawo ƙasa, kowanne da muryar da yake riƙe da ita. Ido rufe yake haɗa sauti, yatsunsa na yawo a kai. Nakan yi masa tsiya in ce barci yake sha ana kiransa injiniya.

Wata damina tsawa ta ƙone mikisar ƙurmus. Abokin haɗin gwiwarsa, wani Alhaji mai sayar da lasifika a Tudun Wada, ya ce ai zamani ya wuce nan, ya kawo ƙaton sikirin na taɓawa. Maɓallan suna nan duka, sai dai hotonsu ne a cikin gilashi, ka ɗora yatsa ka ja, sauti ya bi ka. Ni kam ya tafi da ni. Yaya ya shafa shi daga wannan gefe zuwa wancan, ya ce, "Sumul yake." Bai ƙara ko kalma ba, na ɗauka rowar yabo ce irin tasa.

Aikin farko da aka yi da shi na zumuntar matan wani coci ne daga Kakau. Suka cika ɗakin da ankonsu da tulunan kiɗa, aka ɗauki waƙa lafiya lau. Da aka zo haɗawa, mai ba da waƙar, wata dattijuwa, ta ce, "Ɗana, ɗaga mini muryata kaɗan, tulu ya danne ni."

Yaya ya ɗora yatsa ya ja. Tulu ya ƙara ƙarfi. Ya sake ja, muryar dattijuwar ta ɓace ɗungum. Matan suka kwashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, don ba na son a yi wa namu dariya.

Na ce, "Haba Yaya, ga nata nan an rubuta ɓaro-ɓaro."

Ya matso da fuskarsa har hucinsa ya yi wa gilashin hazo, yatsansa na lalube a sama, nesa da inda rubutun yake. A nan na farga. Na tuna ya ajiye babur ɗinsa tun bara ya ce bayansa ke ciwo, na tuna yadda yake laluben bakin kofi kafin ya zuba ruwa. Ashe idon ne ke tafiya, tsohuwar mikisar ce ta rufa masa asiri. In matan nan suka gane, kafin Lahadi labari ya zaga coci-coci, kuma ban ga wanda zai sake kawo masa aiki ba. Shi kuwa ɗakin nan ne duniyarsa.

Na jawo kujera na zauna kusa da shi, na ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Wannan gilashin iyayi gare shi, ba ya karɓar hannu mai gumi. Kawo in taɓa maka, kai ka ja ni."

Na ɗora yatsana a kan maɓallin dattijuwar. Ya kama wuyan hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau. Ya tura ni sama a hankali, muryar ta fito tas a kan tulu. Ya ce, "'Yan amshi." Na kai yatsa can, ya ɗan jawo ni ƙasa. Kafin baiti na biyu ya ƙare ya rufe ido, har yana kaɗa kai. Tausayinsa ya cika ni, na kafa wa sikirin ido.

Da za su tafi, dattijuwar ta dafa kafaɗata ta matse, ta ce, "Allah ya bar ku tare." Ban san iyakar abin da ta gani ba, ban kuma tambaya ba.

Muka rage mu biyu. Na buɗe baki zan fara masifa, ya riga ni.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata. Tsoro nake ji."

"Tsoron me? Gobe da safe asibitin ido za mu, ko kana so ko ba ka so. Aiki kuma in ya zo a kira ni, hannuna bai tafi ko'ina ba. Tun yaushe abin ya kai haka?"

Ya juyo da fuskarsa wajena, ya ɗan kauce kaɗan daga inda nake zaune.

"Ke kanki," ya ce, "na daɗe da takun takalminki nake gane kin shigo."